TAWAYEN DA AKA SAYA DA FAM DUBU ARBA'IN

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, akwai wata tatsuniya da jaridun Turawan Yamma da gidajen talabijin ɗinsu suka shafe shekaru kusan hamsin suna maimaitawa, har ta zauna a zukatan mutane tamkar gaskiyar da ba a ja da ita. Tatsuniyar kuwa ita ce: wai a farkon shekarun 1970 wasu makaɗa 'ya'yan masu hannu da shuni sun mamaye fagen kiɗan rok a Ingila, suna ta tsawaita waƙa suna fariya da gwaninta, sun manta da talaka, sai a shekarar 1976 'ya'yan talakawan Landan suka taso da yagaggun riguna da tsawar jita, suka tumɓuke waɗancan sarakuna, suka mayar wa jama'a da kiɗansu. Na farkon su ne ake kira "progressive rock", wato rok mai ci gaba, ko purog a taƙaice. Na biyun su ne 'yan pank. Kuma ana kiran abin da ya faru tsakaninsu juyin juya hali.

Ba hukuncin kiɗa muka zo tattaunawa a nan ba, wannan fage ne na malamai. Abin da ya ja hankalinmu shi ne kalmar nan ta juyin juya hali da aka liƙa wa al'amarin, domin kalma ce mai nauyi, kuma duk mai son gyara a cikin al'umma wajibi ne ya san yadda ake arahantar da ita. Mu dai ra'ayinmu a fili yake: wannan labari 'yan kasuwa ne suka tsara shi, kuma su ne suka ci ribarsa. Ga hujjojinmu.

SU WANE NE 'YAN PUROG?

A ƙarshen shekarun 1960 wasu samarin Ingila suka ga cewa waƙar soyayya ta minti uku, irin wadda gidajen rediyo suke so, ta yi musu kaɗan. Faifan garmaho babba yana ɗaukar kimanin minti 20 a kowace fuska, don haka suka ce me zai hana a cika fuskar da waƙa guda? Suka ɗebo daga kiɗan gargajiyar Turai na manyan zauruka, suka ɗebo daga jaz na baƙaƙen Amurka, suka haɗa da sababbin na'urori irin su Mellotron, wadda ke kwaikwayon sautin tarin goge, da Moog, wadda ke ƙirƙirar sauti daga wutar lantarki. Masu tarihin abin sukan ɗauki faifan ƙungiyar King Crimson na watan Oktoba 1969 a matsayin mafarin wannan salo, ko da yake ƙungiyar Moody Blues ta riga ta haɗa rok da babbar tawagar makaɗa tun a 1967.

Daga nan sai abu ya bunƙasa. Ƙungiyar Emerson, Lake & Palmer, wadda aka kafa a 1970, ta ɗauki wani tsohon kiɗa na Mussorgsky ɗan Rasha ta mayar da shi rok. A 1972 ƙungiyar Yes ta fitar da waƙa mai minti 18, Genesis ta fitar da mai minti 23, Jethro Tull kuwa ta cika faifai sukutum, gaba da baya, da waƙa ɗaya tak mai sama da minti 40. A 1973 Pink Floyd ta fitar da "The Dark Side of the Moon", wanda aka sayar da sama da kwafi miliyan 40 daga lokacin zuwa yau. Alamomin salon a bayyane suke: doguwar waƙa mai sassa-sassa, kari mai wuyar bi wanda mai rawa ba zai iya taka shi ba, baitoci a kan tatsuniyoyin da, da taurari, da hauka, da mutuwa, sai kuma bangon faifai mai zanen wata duniya da babu ita.

Kada wani ya zaci mun zo wanke su ne. Lalle sun yi almubazzaranci mai ban takaici. Emerson, Lake & Palmer sun riƙa yawo da manyan motocin kaya uku, kowace an rubuta sunan mutum ɗaya a kanta. A 1975 Rick Wakeman ya shirya wasan labarin Sarki Arthur a kan daskararriyar ƙanƙara a Wembley, da makaɗa da mawaƙa da masu sulu a kan ƙanƙara, zauren ya cika maƙil amma aka tashi da asara. Duk wannan kuwa a daidai lokacin da hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 24 cikin ɗari, marasa aikin yi suka wuce miliyan ɗaya, har gwamnati ta kai ga neman rancen dala biliyan 3.9 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1976. Saurayin da ya gama makaranta ba aiki, ba ko sisi a aljihu, me zai yi da labarin Sarki Arthur? Fushin da ya taso a kansu yana da dalili, kuma mun yarda da haka.

ZUWAN 'YAN PANK

Shi kansa pank ba a Landan aka haife shi ba. A birnin New York na Amurka, a wani ɗan kurkurin gidan kiɗa mai suna CBGB da aka buɗe a 1973, ƙungiyar Ramones ta fara buga waƙoƙi gajeru masu gudun tsiya. Faifansu na farko ya fito a watan Afrilu 1976: waƙa 14 cikin minti 29, kuma abin da aka kashe wajen ɗaukarsa dala 6,400 ne kacal. Salon kishiyar purog ne ta kowace fuska. Jita da ganga da ihu, ba dogon taɗi, ba nuna gwaninta. Wata 'yar mujalla da samari suke bugawa da kansu a Ingila ta zana kamun yatsu uku a jikin jita, ta ce wa mai karatu ya koyi waɗannan ya je ya kafa tasa ƙungiyar.

To amma wa ya kawo abin Landan, kuma don me? A lamba 430 a titin King's Road akwai wani kantin tufafi na Malcolm McLaren da abokiyar zamansa Vivienne Westwood. McLaren ya je New York ya ga abin da ke gudana, ya dawo ya tattara wasu samari da ke yawan zama a kantin nasa, ya zama manajansu, aka sa musu suna Sex Pistols, sunan da rabinsa sunan kantin ne. Mawaƙinsu, John Lydon, an ɗauke shi ne bayan an gan shi sanye da rigar Pink Floyd wadda ya rubuta kalmar ƙiyayya a saman sunan. Wasansu na farko a watan Nuwamba 1975 aka yi shi. Tun ran gini tun ran zane: ƙungiyar da ake ce mana ita ce tutar juyin juya hali, mai kanti ne ya haɗa ta, kuma tufafin kantinsa take sawa a dandamali.

A watan Oktoba 1976 kamfanin faifai na EMI ya ɗauke su a kan fam 40,000. Ranar 1 ga Disamba aka gayyace su wani shirin talabijin na maraice, domin ƙungiyar Queen, ita ma ta EMI, ta janye a ƙurarren lokaci. Mai gabatarwa Bill Grundy ya zuga su, su kuma suka yi ta ɗura ashar kai tsaye, washegari jaridun ƙasar kaf suka cika da labarinsu. EMI ya sallame su a Janairu 1977, suka tafi da kuɗinsu. Kamfanin A&M ya ɗauke su a Maris, har da bikin sa hannu a gaban fadar Buckingham, cikin mako guda shi ma ya sallame su da kimanin fam 75,000. A watan Mayu kamfanin Virgin ya karɓe su, ya fitar da waƙarsu ta zagin Sarauniya a daidai bikin cikarta shekara 25 a kan gado. BBC ta hana sa ta, amma ta kai mataki na biyu a jerin waɗanda aka fi saye. Kafin watan Janairu 1978 ya ƙare ƙungiyar ta watse a San Francisco. A Fabrairu 1979 ɗaya daga cikinsu, Sid Vicious, ya mutu sanadin ƙwayar hiroyin yana ɗan shekara 21, ana tuhumarsa da kashe budurwarsa watanni huɗu kafin nan. Wannan shi ne tarihin, ba ƙari ba ragi.

HUJJA TA FARKO: BA WANDA AKA TUMƁUKE

Shin juyin juya halin da ya bar sarki a kan gadonsa, wane iri ne? Mu duba shekarar 1977 ɗin kanta, wadda ake cewa a cikinta aka binne purog. A Janairu Pink Floyd ta fitar da "Animals", ya kai mataki na biyu a Birtaniya. A watan Yuni Genesis ta yi dare uku a jere a katafaren zauren Earls Court na Landan. Makonni kaɗan bayan waƙar zagin Sarauniya ta kai mataki na biyu, sai ga wani kiɗa na Emerson, Lake & Palmer, waɗanda aka fi tsana, shi ma ya hau wannan mataki na biyun. Faifan Yes na wannan shekara kuwa na ɗaya ya zo. A ƙarshen 1979, lokacin da Sex Pistols ta riga ta zama tarihi, waƙar Pink Floyd ce ke kan gaba a ƙasar baki ɗaya.

Gaskiya ne dogayen waƙoƙi sun ja baya daga ƙarshen shekarun 1970, kuma yawon da Emerson, Lake & Palmer suka yi a Amurka a 1977 da babbar tawagar makaɗa ya cinye musu kuɗi har suka sallami tawagar a tsakiyar tafiya. Amma manyan cikinsu sauya riga kawai suka yi. Genesis a ƙarƙashin Phil Collins ta koma gajerun waƙoƙi ta ninka arzikinta a shekarun 1980. Yes ta zo ta ɗaya a Amurka a farkon 1984. Wanda ya karya su, in ma an karya su, shi ne lissafin riba da asara na kamfanoni da abin da rediyo ke so, irin lissafin da zai haɗiye pank ɗin shi ma ba da jimawa ba.

HUJJA TA BIYU: KANTI ƊAYA, HAJA BIYU

Nan ne ramin ƙarya ya ƙure. Kamfanin EMI da ya fara ɗaukar Sex Pistols shi ne dai kamfanin da ke sayar da faifan Pink Floyd, kuma a lokacin yana da sashen da ke ƙera na'urorin lantarki na aikin soja. Yaron da ya sayi faifan "tawaye" domin ya nuna ƙiyayyarsa ga Pink Floyd, kuɗinsa aljihu ɗaya suka shiga da na wanda ya sayi Pink Floyd. Shi kuwa Virgin, da me Richard Branson ya gina shi? Faifansa na farko a 1973 shi ne "Tubular Bells" na Mike Oldfield, kiɗa mai tsawon kusan minti 50 wanda babu waƙar baki a cikinsa sai ɗan abin da ba a rasa ba, purog tsantsa. Da ribar purog aka sayi pank.

Haka abin yake a ɗakin ɗaukar sauti. Chris Thomas, wanda ya tsara wa Sex Pistols sautin faifansu, yana cikin waɗanda suka yi aikin haɗa sautin "The Dark Side of the Moon". Ƙungiyar pank ta The Damned, da ta tashi yin faifanta na biyu a 1977, Nick Mason makaɗin gangar Pink Floyd ne ya jagoranci aikin. Shi kansa Lydon mai rigar ƙiyayya, a watan Yuli 1977 gidan rediyon Capital na Landan ya ba shi dama ya zaɓi faya-fayan da yake so, sai ga shi yana sa Peter Hammill, jagoran ƙungiyar purog ta Van der Graaf Generator, da ƙungiyar Can ta Jamus mai dogayen kiɗe-kiɗe. Bayan shekaru ya fito ƙarara ya ce shi ba ya ƙin Pink Floyd. To gabar ta wace ce? Ta jaridun kiɗa ce masu fitowa mako-mako, waɗanda rigima ke sayar musu da takarda, da manajojin da suka san cewa matashi ya fi saurin zaro kuɗi idan aka ce masa yaƙi yake yi.

HUJJA TA UKU: ZANCEN TALAKA DA MAI KUƊI

An ce mana purog na 'ya'yan gata ne, pank na 'ya'yan talakawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin Genesis a makarantar Charterhouse ta 'ya'yan attajirai aka kafa ta, Lydon kuwa ɗan 'yan ci-rani ne daga Ayaland da ya tashi cikin ƙunci a arewacin Landan. Amma Jon Anderson mawaƙin Yes ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 ya shiga aikin ƙarfi a garinsu Accrington, kuma Greg Lake a gidan talakawa ya girma. A ɗaya gefen, Joe Strummer jagoran The Clash, ƙungiyar da aka fi yaba wa da kishin talaka, ɗan jami'in diflomasiyyar Birtaniya ne, a Ankara aka haife shi a 1952, a makarantar kwana ya yi karatu. Ba laifi ba ne ɗan babban gida ya tsaya wa talaka, abin yabo ne ma. Laifin yana ga masu raba mutane gida biyu da ƙarya domin labari ya yi daɗin sayarwa.

INDA TAWAYEN YA ƘARE

Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Janairu 1977 The Clash ta sa hannu da kamfanin CBS na Amurka a kan fam 100,000, har Mark Perry, mai 'yar mujallar pank da ta fi shahara a lokacin, ya bayyana cewa a ranar ce pank ya mutu. Karo ɗaya tak wata waƙarsu ta zo ta ɗaya a Birtaniya, a 1991, bayan kamfanin wando na Levi's ya yi talla da ita. A wannan shekarar dai, lokacin yaƙin Tekun Fasha, wata waƙarsu ta 1982 ta zama abin sauraron sojojin Amurka da suka je yaƙi da Iraƙi, alhali masu ita sun yi suna da adawa da yaƙe-yaƙen Amurka. Wanda ya sayar da muryarsa ba shi da ta cewa a kan inda za a kai ta.

Sauran kuma sai a yi ta lissafi. A 1996 Sex Pistols suka sake haɗuwa suka zaga duniya, kuma da bakinsu suka raɗa wa yawon suna mai ma'anar ƙazamar riba. A 2008 Lydon ya fito a talabijin yana tallar man shanu. A 2015 bankin Virgin Money ya fitar da katin cin bashi ɗauke da zanen faifansu. Vivienne Westwood, wadda ta sayar da riguna masu hoton Sarauniya da fil a leɓe, ta karɓi lambar girma daga fadar a 1992, aka ƙara mata babbar sarauta a 2006. A 2013 babban gidan adana kayan tarihi na Metropolitan a New York ya yi baje kolin yagaggun rigunan pank, attajirai suka zo cin abincin dare suna kallo. A 2016 aka yi bikin cikar pank shekara 40 a Landan da goyon bayan ofishin magajin gari da Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, abin da ya fusata Joe Corré, ɗan McLaren da Westwood, har ya ƙone kayan tarihin da ya ce sun kai fam miliyan 5 a kan kogin Thames. Ihu bayan hari ke nan, domin a kantin iyayensa aka fara cinikin.

Kuma kada a manta da wata ɓarna. Domin neman girgiza mutane kawai, wasu daga cikin na farkon, har da Sid Vicious, sun riƙa sa alamar 'yan Nazi a jikinsu, a daidai lokacin da jam'iyyar National Front ta masu wariyar launin fata ke ƙara ƙarfi, ana farautar baƙaƙe da 'yan Asiya a titunan Ingila. Tawayen da bai san abin da yake so ba, sai dai ya ba mutane haushi, kowa na iya hawansa, har azzalumi.

ADALCI YA WAJABA

Da za mu tsaya nan da mun yi zalunci, domin a cikin ɓangarorin biyu akwai waɗanda suka tsaya da gaske, kuma su ne suka ƙara tabbatar da maganarmu.

A watan Agusta 1976 mawaƙi Eric Clapton ya tsaya a dandamali a Birmingham ya goyi bayan korar baƙi daga Ingila. Martanin wannan ne ya haifar da ƙungiyar Rock Against Racism, ta makaɗa masu yaƙi da wariya. Ranar 30 ga Afrilu 1978 dubun-dubatar matasa suka yi tattaki daga dandalin Trafalgar zuwa filin Victoria a gabashin Landan, inda The Clash ta yi wasa tare da Steel Pulse ta baƙaƙen Birmingham, da X-Ray Spex wadda mawaƙiyarta 'yar wani Basomale ce. Kwana huɗu bayan haka, ranar 4 ga Mayu, wasu samari suka daɓa wa Altab Ali wuƙa suka kashe shi a unguwar Whitechapel yana dawowa daga wurin aiki. Matashi ne Musulmi ɗan Bangaladash, ma'aikacin ɗinki. Kimanin mutum 7,000 suka bi bayan makararsa zuwa ƙofar gidan Firayim Minista. A irin wannan yanayi, saurayi farar fata ya fito titi ya tsaya tare da maƙwabcinsa ɗan Asiya ba ƙaramin abu ba ne, kuma 'yan pank da suka yi haka sun cancanci a faɗa. Amma a lura: tsari da manufa da haɗa kai da wasu ne suka ba wannan rana ƙima. Yagaggiyar riga ba ta taɓa kare kowa daga wuƙa ba.

Akwai kuma waɗanda suka gane cewa batun yana ga wanda ke riƙe da jaka. A Janairu 1977 Buzzcocks ta birnin Mancesta ta ranci kuɗi daga dangi da abokai ta buga ɗan faifanta da kanta. Ƙungiyar Crass, daga 1977 zuwa 1984, ta zauna a gida ɗaya a karkarar Essex, ta kafa kamfaninta, tana buga iyakar farashi a bangon faifai don kada mai kanti ya cuci mai saye, kuma sukar da ta yi wa yaƙin Falkland na 1982 sai da ta kai ga zauren majalisa. A Washinton, Ian MacKaye ya kafa kamfanin Dischord a 1980. Daga wata waƙarsa ta 1981 aka samu ayarin matasan pank masu ƙaurace wa giya da ƙwaya, daga baya kuma ƙungiyarsa Fugazi ta shafe shekaru tana ƙoƙarin tsayar da kuɗin shiga wasanta a dala 5, ta ƙi sayar da riguna, ta ƙi tayin manyan kamfanoni. Waɗannan ba a gan su a katin banki ba.

To a ɓangaren purog fa, wanda aka ce ba ruwansa da halin da jama'a ke ciki? Ƙungiyar Henry Cow, mai kiɗan da ya fi na kowa wuyar sauraro, ta rabu da Virgin, a Maris 1978 ta tara ƙungiyoyi daga ƙasashen Turai ta kafa haɗakar Rock in Opposition domin su riƙa gudanar da al'amuransu ba tare da kamfanoni ba. A 1980 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta waƙar Pink Floyd, saboda ɗaliban da ba farar fata ba sun ɗauke ta suna rerawa a ƙauracewar da suka yi wa makarantun wariya. A Cekosulobakiya kuwa, a 1976, shekarar da ake ashar a talabijin ɗin Landan, gwamnatin 'yan gurguzu ta kama 'yan ƙungiyar Plastic People of the Universe, masu dogon gashi da dogayen kiɗe-kiɗe masu sarƙaƙiya, ta ɗaure jagoransu Ivan Jirous wata 18. Wannan shari'a ce ta zaburar da marubuci Vaclav Havel da abokansa suka fitar da Takardar 77 a Janairu 1977, kuma Havel ɗin nan shi ya zama shugaban ƙasa a Disamba 1989. Ga makaɗan da kiɗansu ya kai su kurkuku, ga waɗanda nasu ya kai su banki. Wane ne ɗan tawaye a cikinsu?

ABIN DA MUKA FAHIMTA

Ya ɗan'uwa mai karatu, minti 23 ko minti 2, alkyabba mai walƙiya ko riga mai fil, duk kanwar ja ce idan mai kanti ɗaya ne ke karɓar kuɗin. 'Yan jari-hujja ba sa tsoron ashar, ba sa tsoron gashi mai launi, ba sa tsoron a zagi Sarauniya. Sun gwada sun ga duk ana sayensu, har sun fi waƙar soyayya tafiya a kasuwa. A 1994 sun sake maimaita cinikin da ƙungiyar Green Day a Amurka, suka sayar da sama da kwafi miliyan 10 na faifai guda, ɗan zauren da ya rene ta a Berkeley kuwa ya rufe mata ƙofa. Abin da ke gagararsu shi ne mutumin da ya san abin da yake nema, ya riƙe hanyar isar da saƙonsa a hannunsa, kuma yana da abin da ba zai sayar ba ko nawa aka taya.

Saboda haka duk lokacin da aka nuna mana wani abu aka ce juyin juya hali ne, a kiɗa ne ko a waninsa, tambayoyinmu uku ne: wa ya biya kuɗin? Me aka canza bayan ƙura ta lafa? Kuma me masu shi suka yarda su rasa? Sex Pistols sun sa hannu a kan fam 40,000 tun kafin su fitar da faifai ko ɗaya, suka watse cikin wata 15, suka bar gawar yaro ɗan shekara 21, fadar da suka zaga kuma ta rataya wa mai ɗinka musu riga lambar girma. Ivan Jirous ya tafi gidan yari.

Allah Ya ba mu ikon rarrabe tsaki da tsakuwa.